Idan sa ɗaya ya kwanta: abin da ke kayar da ƙananan jiragen sama masu inji biyu

Wata rana da la'asar muna zaune a ƙofar gida a nan Katsina, sai wani ƙaramin jirgin sama ya ratso ta kanmu ƙasa-ƙasa, ya nufi filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua da ke gabashin gari. Kawuna, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tuƙin babbar mota tsakanin Katsina da Legas, ya ɗaga kai ya ƙirga farfelolin, sannan ya ce, "Mutanen cikin wannan kam hankalinsu kwance, ko ɗaya ya mutu ɗayan zai kai su gida." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, a babban jirgi haka ne, amma a irin wannan ƙaramin akwai magana." Ya dube ni irin duban da dattijo ke yi wa yaron da boko ya sa shi jayayya da ƙidaya, domin a wurinsa biyu ta fi ɗaya, kuma babu abin da za a ƙara a kai.

Maganar Kawu ita ce fahimtar kusan kowa, har da wasu masu kuɗin da ke sayen irin waɗannan jirage. Jiragen da nake nufi su ne ƙanana masu ɗaukar mutum huɗu zuwa goma, masu injin fistan irin na mota a kan kowane fiffike, kamar Piper Seneca da Seminole da Aztec da Navajo, da Beechcraft Baron, da Cessna 310 da 402, da kuma Diamond DA42 na wannan zamani. Da su ake koyar da matuƙa tuƙin jirgi mai inji fiye da ɗaya, da su ake ɗaukar shata da marasa lafiya da ƙananan kaya, kuma tarihin haɗurransu ya daɗe yana ba masu bincike mamaki.

A shekarar 1979 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wato NTSB, ta fitar da wani nazari na musamman a kan haɗurran da suka biyo bayan mutuwar inji a irin waɗannan jirage daga 1972 zuwa 1976. Abin da ta gano fuska biyu gare shi. Mutuwar inji ba ta cika kai jirgi mai inji biyu ga haɗari ba kamar yadda take kai mai inji ɗaya, kuma wannan ya goyi bayan Kawu. Amma idan har haɗarin ya auku, yiwuwar a rasa rai a mai inji biyu ta ninka ta mai inji ɗaya kimanin sau huɗu. Daga irin wannan ne matuƙa suka samo ba'ar da suke yi a tsakaninsu, cewa aikin inji na biyu shi ne ya raka jirgin har wurin da zai faɗi. Ba'a ce, kuma ta yi tsauri, domin jiragen da inji ɗaya ya mutu suka sauka lafiya ba sa shiga ƙididdigar haɗurra. Duk da haka ba a ƙirƙire ta haka kawai ba.

Tushen al'amarin shi ne cewa jirgi ba ya hawa sama da dukkan ƙarfin injinsa, yana hawa ne da rarar da ta saura bayan an cire ƙarfin da ke riƙe shi a iska. A ɗauka wa da ƙane ne ke ci daga tukunya ɗaya, kowannensu yana kawo naira 100,000 a wata, cefanen gidan kuma yana cinye 80,000. Rarar gidan 120,000 ce. Ranar da ɗaya ya rasa aiki, rabin kuɗin shiga ne ya tafi, amma rarar ta koma 20,000, wato an rasa fiye da kashi 80 cikin ɗari. Haka lissafin jirgin yake, kuma littattafan koyar da matuƙa suna faɗar haka a fili: rasa inji ɗaya yakan tafi da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na ƙarfin hawa. Piper Seminole, mai inji biyu masu ƙarfin doki 180 kowanne, yana hawa fiye da ƙafa 1,300 a minti ɗaya idan duka biyun suna aiki a bakin teku, amma da inji ɗaya abin ya koma ƙafa 200 da 'yan kai, shi ma sai an naɗe tayoyi, an tsayar da matacciyar farfelar, kuma matuƙin bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ƙari a kan haka, tsofaffin ƙa'idojin Amurka da aka ƙera mafi yawan waɗannan jirage a kansu ba su wajabta wa wanda nauyinsa bai wuce kilo 2,720 ba, kuma yake iya tafiya a hankali ƙwarai kafin fiffikensa ya saki iska, ya iya hawa da inji ɗaya ba. An dai ce a auna a rubuta, ko da abin da aka auna gangarowa ce. Manyan jiragen da ke kwasar alhazai daga Katsina zuwa Saudiyya ƙa'idarsu daban ce, domin dole ne su iya ci gaba da tashi ko da inji ya mutu a kan titi bayan sun kai wani gudu da aka ƙayyade.

Rashin ƙarfin hawa yana iya kai jirgi gona ko fadama, mutane su fito da rauni. Abin da ya fi kisa shi ne karkata, kuma duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu zai gane shi nan take. Idan kana huɗa da shanu biyu sai na hagu ya kwanta, na dama kuma ya ci gaba da ja da iyakar ƙarfinsa, garmar ba za ta tafi a kan kunya ba, za ta murɗe ta yi wajen wanda ya kwanta. Injin da ke raye yana tura fiffikensa gaba, mataccen kuma ba ya tsaya a matsayin kaya kawai, domin iska tana ci gaba da juya farfelarsa, farfelar da iska ke juyawa kuwa tana ja baya kamar an buɗe lema a gefe ɗaya. Hancin jirgin sai ya karkata wajen mataccen injin, fiffiken wannan gefen kuma ya fara sauka. Abin da matuƙi ke da shi na mayar da hancin shi ne allon da ke tsaye a wutsiya, wanda ake juyawa da feda biyu a ƙarƙashin ƙafafu, kuma ƙarfin wannan allo daga iskar da ke wucewa ta kansa yake zuwa. Idan gudu ya ragu, iskar ta ragu, har a kai wani mataki da ko an danne feda har ƙasa allon ba zai iya da injin da ke raye ba. A kan agogon gudu an yi wa wannan mataki jan layi. Sama da shi akwai shuɗin layi, wanda ke nuna gudun da jirgin ya fi iya hawa da inji ɗaya. Jirgin da ya faɗo ƙasa da jan layi da injinsa ɗaya a cike da wuta yakan mirgina ya kife cikin daƙiƙa kaɗan, kuma a tsawon bishiyar kuka biyu ko uku daga ƙasa babu sararin gyara.

A nan ne ake ganin dalilin da ya sa mai inji ɗaya yakan tsira inda mai biyu ya halaka. Idan injin mai inji ɗaya ya mutu, matuƙin ba shi da zaɓi, sai ya sunkuyar da hanci ya nemi fili, kuma jirgin yakan taɓa ƙasa a miƙe, a gudu kaɗan. Mai inji biyu yana jin ɗayan injin yana ruri, zuciyarsa tana gaya masa akwai sauran dama, sai ya ja hancin sama don ya tsallake itatuwa ko ya juyo ga titin da ya bari, gudun yana zubewa bai lura ba. Maganin da aka koya masa ya saɓa wa duk abin da jiki ke so: ya rage totur na injin da ke da rai, ya sunkuyar da hanci, ya yarda zai sauka a gaba ko da a kan kunyoyi ne. Mutumin da ke ganin ƙasa tana tasowa ba ya son rage wuta. A ganina wannan ita ce cibiyar matsalar baki ɗaya, domin inji na biyu zaɓi yake ba matuƙi, zaɓin kuma dole a yi shi daidai cikin daƙiƙa biyar ko goma, da hannu da ƙafa da ido gaba ɗaya, a ranar da mutum bai shirya ba.

Ko gane injin da ya mutu ma aiki ne. Farfelar tana juyawa, wasu agogunan suna nuna kamar lafiya, ƙarar kuma ta cika kunne. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya tambayi ƙafarsa: ƙafar da ba ta danna komai, injin gefenta ne ya mutu. Daga nan ya ja totur ɗin wannan injin baya don ya tabbatar babu abin da ya sauya, sannan ya juya hannuwan farfelar su fuskanci iska da kaifinsu, ta tsaya cik ta daina ja, ya kuma ɗan kwantar da jirgin digiri biyu ko uku wajen injin da ke aiki. Tsallake matakin tabbatarwa ya ci rayuka. Ranar 3 ga Satumba 1999 wani Cessna 404 ya tashi daga Gilasgo a Birtaniya ɗauke da ma'aikatan wani kamfanin jiragen sama, injin hagu ya lalace jim kaɗan bayan tashi, binciken hukumar Birtaniya kuma ya nuna farfelar dama aka tsayar, alhali injinta yana iya aiki. Mutum 8 daga cikin 11 suka rasu, kuma matuƙin ba sabon hannu ba ne.

Akwai wani ɗan bambanci tsakanin injinan biyu da ya kamata a ambata. A yawancin waɗannan jirage farfelolin suna juyawa hannun agogo idan an dube su daga baya, kuma idan hanci yana sama hannun farfelar da ke saukowa, na dama, ya fi cizon iska. Saboda haka turawar injin dama ta fi nisa da jikin jirgin, murɗawarsa ta fi ƙarfi, kuma mutuwar injin hagu ta fi wuyar sha'ani. Kamfanin Piper ya koyi wannan da tsada. Jirginsa Twin Comanche, wanda ya fito a 1963, ya zama abin koyon tuƙi a Amurka, a zamanin da malamai ke kashe wa ɗalibi inji kusa da ƙasa kuma a gudu kaɗan don a ga ƙwarewarsa. Garin gyaran gira aka yi ta rasa ido, domin malamai da ɗalibai da dama sun mutu a cikin horon da aka shirya don ya cece su. Daga baya aka ɗaga jan layin jirgin daga mil 80 zuwa mil 90 a sa'a, aka sauya tsarin horon, kuma a 1970 kamfanin ya fito da samfurin da farfelolinsa ke juyawa saɓanin juna. Seneca da Seminole sun gaji wannan tsari.

Alƙaluman hawan da na ambata a baya an auna su ne da iskar bakin teku mai zafin digiri 15, mu kuwa ba a can muke ba. Filin jirgin Katsina yana kusan mita 500 sama da teku, wato kimanin ƙafa 1,650, wanda ba wani tudu ba ne. Amma iska mai zafi sakwat take, kuma ƙa'idar da matuƙa ke aiki da ita ita ce kowane digiri ɗaya da ya haura ma'aunin da aka saba yana ƙara kusan ƙafa 120 a tsawon da jirgi ke ji a jikinsa. Da azahar ɗin watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 41 kwalta tana walƙiya kamar an zuba mata ruwa, jirgin da ke tsaye a titin Katsina ji yake kamar yana sama da ƙafa 5,000. Iyakar tsawon da Seminole cike da kaya ke iya hawa da inji ɗaya kuwa kusan ƙafa 4,000 ne. Ma'anar wannan ita ce a irin wannan rana, tun jirgin bai bar ƙasa ba ya riga ya wuce inda inji ɗaya zai iya ɗaga shi, kuma idan ɗaya ya mutu bayan tashi, mafi ƙwarewar matuƙa ma gangarowa zai yi, sai dai a hankali. Manyan 'yan'uwansa masu na'urar cusa iska a inji sun fi shi juriya, amma su ma fiffike da farfela suna jin sakwatar iskar.

Sai kuma lodi, wanda mu da muka saba ganin motar Jibiya ko ta Mai'aduwa ta fito daga tasha da buhuna har but ba ya rufuwa ba ma buƙatar dogon bayani a kansa. Mota idan an yi mata lodi takan zauna a kan tayoyin baya ta tafi a hankali. Jirgi yana da iyakar nauyi, yana kuma da iyakar inda nauyin zai zauna, domin idan ya koma baya da yawa hanci yakan ɗaga da kansa, allon wutsiya kuma ya rasa ƙarfin juyawa. Ranar 25 ga Agusta 2001 wani Cessna 402B ya faɗi daf da ƙarshen titi a Marsh Harbour da ke tsibiran Bahamas, ya kashe duka mutum 9 da ke ciki, har da mawaƙiyar Amurka Aaliyah. Bincike ya nuna an ɗora masa fiye da kilo 300 bisa abin da aka ƙayyade, nauyin kuma ya wuce iyakarsa ta baya, sannan matuƙin ba shi da izinin tuƙa wannan jirgi. A jirgin shata fasinja shi ne mai gida, kuma ba kowane matashin matuƙi ne zai iya cewa mai gida ya bar akwati a ƙasa ba.

Mai shi ne wurin da biyu ke komawa ɗaya, domin injinan biyu abinci ɗaya suke ci. Idan tanki ya bushe, ko ruwa ya shiga mai, ko aka zuba wanda ba shi ba, tare suke mutuwa. Tsarin tankunan ma yakan rikita wanda bai saba ba. A Cessna 310 tankunan da ke ƙarshen fiffike su ne manya, na cikin fiffike kuma na taimako ne, rarar man da inji bai ƙona ba kuma tana komawa cikin manyan ne kawai, saboda haka wanda ya fara da na taimako alhali manyan a cike suke yana zubar da mai waje bai sani ba. An sha samun jirgin da ya faɗi da mai a wani tankin da ba a murɗa makunninsa ba. Zuba man da ba daidai ba kuma ya fi zama barazana a ƙasa irin tamu, inda man injin fistan, wanda ake rinawa shuɗi, yake da wuyar samu, man manyan jirage mai kama da kananzir kuma yake ko'ina. Injin fetur da aka zuba wa kananzir yakan tashi lafiya da ragowar man da ke cikin bututu, sai an kai sama ya ƙone kansa. Haka ya faru da wani Cessna 421 mai ɗaukar marasa lafiya a Las Cruces ta Amurka a watan Agusta 2014, inda mutum 4 suka rasu. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana horo da Beechcraft Baron, amma ta sayo Diamond DA42 masu injin da ke shan man manyan jirage, kuma kwamfuta ce ke sarrafa injinsu, abin da ya rage yawan sandunan da hannun ɗalibi zai lalubo a lokacin ruɗani. Dokar jan layi dai tana nan a kansu kamar sauran.

Tsufa ma yana da nasa rabon, tunda an daina ƙera Cessna 310 a 1980, Aztec kuma a 1981, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a Afirka sun girmi matuƙansu. Mantawa da sauke tayoyi kafin sauka ya zama ruwan dare a tarihinsu, amma wannan yawanci aljihu yake ci, ba rai ba.

Mutuwar inji ta fi jan hankali, amma kaso mai yawa na munanan haɗurran waɗannan jirage ya faru ne alhali injinan biyu suna aiki sumul. Wanda ya mallaki inji biyu yakan yarda ya tashi da dare ko cikin hadari, inda mai inji ɗaya zai haƙura ya kwana. Idan ido ya daina ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, abin da ke cikin kunne mai gaya wa mutum a tsaye yake ko a karkace yakan yi ƙarya, har matuƙi ya rantse a miƙe yake tafiya alhali jirgin yana murɗawa ƙasa. Mafita ɗaya ita ce ya ƙaryata jikinsa ya gaskata agogo. Ranar 16 ga Oktoba 2000 gwamnan jihar Misuri a Amurka, Mel Carnahan, ya rasu tare da ɗansa da ke tuƙi da wani hadiminsa a cikin Cessna 335, da dare cikin ruwan sama, bayan babban agogon da ke nuna karkatar jirgi ya samu matsala. A gida, jiragen King Air na rundunar sojan sama da suka faɗi a 2021 sun fi ajin da muke magana a kansa girma, injinsu ma irin na daban ne, amma sun nuna fuskokin nan biyu. Na Abuja, ranar 21 ga Fabrairu, ya ba da rahoton matsalar inji a kan hanyarsa ta zuwa Minna, ya juyo bai kai titi ba, mutum 7 suka rasu. Na Kaduna, ranar 21 ga Mayu, wanda ya yi sanadin rasuwar Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da wasu mutum 10, sanarwar farko ta hedikwatar tsaro rashin kyawun yanayi ta ambata.

Yanayin namu kuwa ba ya bayar da abu biyu a lokaci ɗaya. Da damina hadari yakan haɗo daga gabas cikin ɗan lokaci, da iska mai ƙarfi a gabansa wadda ke iya sauya alkibla a daidai lokacin da jirgi ke kusa da ƙasa. Da sanyin safiyar Janairu, lokacin da zafi ke sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, jirgin da ke titin Katsina ji yake kamar yana ƙafa 2,000 kacal, kuma Seminole ɗin da ya kasa a Afrilu yana iya hawa da inji ɗaya, ko da a hankali ne. Amma a wannan watan ne hazo ke sauka, rana ta koma kamar farin faranti, har mai tsaye a Ƙofar Soro ya kasa hango hasumiyar Gobarau sosai, kuma matuƙin da ya tashi cikinsa yakan rasa ganin ƙasa da sama tun bai gama naɗe tayoyi ba.